Komawa Garin Gefen Birni Saboda Arhar Gida: Me Iyali Ke Samu, Me Suke Biya?

Shin ya dace ma'aurata masu ƙananan yara su tattara kayansu daga birnin da suke aiki, su koma wani gari da ke gefe inda gida ya fi arha, su riƙa shiga birni da safe suna dawowa da dare? Wannan tambaya ta yawaita a bakin matasan magidanta a 'yan shekarun nan, tun da kuɗin haya a manyan birane ya fara gudun da albashi ya kasa cim masa. Galibi ana amsa ta da lissafi guda ɗaya: a ɗauki hayar gidan birni, a cire hayar gidan gefe, abin da ya rage a kira shi riba. Wannan lissafi ba ƙarya ba ne, sai dai rabin magana ne, kuma rabin da aka bari shi ne yake zama da iyali shekara da shekaru bayan an sauke kaya.

Wane irin gari ake nufi

Garin jeka-ka-dawo shi ne wanda yawancin ma'aikatan da ke zaune cikinsa ba a nan suke samun abincinsu ba. Suna kwana a cikinsa, 'ya'yansu suna karatu a cikinsa, amma ofis, masana'anta ko kasuwar da suke dogaro da ita tana wani birni dabam. Ya bambanta da unguwar da ke bakin birni, wadda har yanzu motocin haya na cikin gari ke kaiwa gare ta, ya kuma bambanta da gari mai cin gashin kansa da ke da nasa ayyukan yi. Alamarsa a bayyane take ga duk wanda ya tsaya a bakin titinsa: da sassafe motoci duk sun fuskanci hanya ɗaya, da rana garin ya yi tsit, da almuru kuma kowa ya juyo.

Irin waɗannan garuruwa sun bunƙasa ne tare da jirgin ƙasa a ƙarni na 19, sannan mota ta ƙara faɗaɗa su a ƙarni na 20. Akwai waɗanda aka gina da niyyar kada su zama wurin kwana kawai, kamar Letchworth da aka kafa a Ingila a 1903 bisa tunanin Ebenezer Howard, wanda ya so mutane su sami gida da aiki da sarari a wuri guda. Amma babban birni yana da ƙarfin janyo ma'aikata, kuma duk garin da hanya mai kyau ta haɗa shi da shi, sannu a hankali wani sashe na mutanensa kan koma masu zuwa aiki can.

Dalilin da ya sa gidan ya fi arha

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Mutane da dama suna kallon arhar gidan gefe kamar wata garaɓasa da suka gano kafin sauran jama'a su farga. Masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana cewa ba haka abin yake ba. Tun a 1826 wani Bajamushe manomi kuma masani, Johann Heinrich von Thünen, ya nuna cewa darajar gona tana raguwa gwargwadon nisanta daga kasuwa, domin duk abin da manomi zai kashe wajen kai amfanin gona birni, daga abin da zai iya biya na ƙasar ake cire shi. A 1964 masanin tattalin arziki William Alonso ya ɗauko wannan tunani ya ɗora shi a kan gidajen birane: mutum yana biyan kuɗi mai yawa don ya zauna kusa da wurin aiki, yana kuma biyan kaɗan idan ya yarda ya ɗauki nauyin nisa.

Ma'anar wannan ita ce ragin da ake gani a takardar haya lada ne da kasuwa ke ba wanda ya amince ya sha wahalar hanya. Dubban iyalai sun riga sun yi wannan lissafi, kuma farashin ya daidaita a kan abin da matsakaicin mutum yake ganin nisan ya cancanta. Saboda haka tambayar da ta kamata iyali su yi wa kansu ita ce ko nisan zai yi musu sauƙi fiye da yadda yake yi wa yawancin mutane. Wanda ke zuwa ofis kwana biyu kacal a mako, ko wanda iyayensa ke zaune a garin, ko wanda wurin aikinsa ke dab da tashar jirgi, yana karɓar ragin gaba ɗaya alhali wani ɓangare na wahalar kawai yake ɗauka. Wanda kuwa dole ya isa aiki ƙarfe takwas kullum, matarsa ma tana aiki a wani sashe na birnin, ga yara biyu da ba su isa makaranta ba, shi yana karɓar ragin da kowa ke karɓa ne, yana kuma ɗaukar nauyin da ya fi na kowa.

Kuɗin da ba ya cikin takardar haya

Akwai tsohuwar ƙa'ida da bankuna da hukumomin gidaje ke amfani da ita, cewa kada kuɗin gida ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Wata cibiyar nazarin birane da ke Chicago a Amurka, wadda aka fi sani da CNT, ta lura cewa wannan ma'auni yana yaudarar mutane, domin yana nuna gidan nesa a matsayin mai sauƙi ba tare da ya duba abin da ake kashewa kafin a isa gare shi ba. Sai ta ba da shawarar a haɗa kuɗin gida da na sufuri wuri guda, kuma kada jimlarsu ta haura kashi 45 cikin 100. Da aka auna yankuna da wannan sabon ma'auni, unguwanni masu yawa da ake yi wa kallon masu arha sun fita daga sahu.

Kuɗin sufuri kuwa ya wuce na man fetur ko na tikiti. Motar da ke cin dogon zango kullum tana cin taya, tana cin birki, tana yawan zuwa wurin makaniki, darajarta kuma tana zubewa da sauri ranar da za a sayar. Abin da ya fi kama iyalai ba shiri shi ne mota ta biyu. A cikin birni ana iya rayuwa da mota ɗaya ko ma babu, amma a garin da motocin haya ba sa yawa, idan ɗaya ya tafi aiki da motar, wanda ya rage a gida ba shi da abin kai yaro asibiti ko makaranta. Sayen ta biyu da riƙe ta na iya cinye ragin hayar gaba ɗaya. Sai kuma kuɗin raino: gidan rainon yara yana da lokacin tashi, kuma iyayen da ba za su iso kafin lokacin ba dole su biya ƙarin sa'o'i ko su ɗauki wanda zai riƙe musu yaran.

Akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi tsakanin kuɗaɗen biyu. Haya ana ƙulla ta ne na shekara, mutum ya san abin da zai biya. Kuɗin hanya ba wanda ya yi wa kowa alkawari a kansa. Lokacin da farashin ɗanyen mai ya yi tashin da bai taɓa yi ba a tsakiyar 2008, a daidai lokacin da rikicin bashin gidaje ya yi tsanani a Amurka, iyalan da suka sayi gidaje a can nesa da birane don su ne kuɗinsu ya kai, suna cikin waɗanda suka fi jin jiki: kuɗin zuwa aiki ya hau, darajar gidan ta faɗi, mai saye kuma ya yi wuya. Duk wanda ya koma gefe ya rage nauyin da ya san girmansa ne, ya ƙara wanda ke iya sauyawa a cikin mako guda.

Lokaci, wanda ba a mayar da shi

A ɗauka ƙaura za ta ƙara wa mutum sa'a ɗaya a tafiya da sa'a ɗaya a dawowa. Idan yana aiki kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, sa'o'i 480 ke nan, daidai da ranakun aiki 60 masu sa'a takwas-takwas. Wata uku na aiki ke nan da ba wanda zai biya shi ladansu. Kuma waɗannan sa'o'i ba daga tsakar rana ake yanko su ba, daga farkon safiya da farkon dare ake yanko su, wato lokacin da ƙaramin yaro yake farke a gida. Uban da ya fita kafin gari ya waye ya dawo bayan an kwantar da yara yana iya shafe kwana biyar bai ga idon ɗansa a buɗe ba, duk da cewa rufi ɗaya suke kwana a ƙarƙashinsa.

Masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya Cesare Marchetti ya bayyana a 1994 cewa a tsawon tarihi, ko da ƙafa ake tafiya ko da jirgi, mutane sun saba ware kimanin sa'a ɗaya a yini don zirga-zirga, kuma girman birane yana bin wannan iyaka. Ba doka ba ce da ta hau kan kowa, amma tana nuna inda jiki da zuciya suka fara gajiya. A 2004 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun tambayi mata ma'aikata 909 a jihar Texas ta Amurka yadda suka ji a kowane sashe na yininsu, sai tafiya aiki ta fito a ƙasan jerin abubuwan da ke faranta musu rai. Bayan shekara huɗu, masana tattalin arziki biyu daga Suwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, suka duba bayanan da aka daɗe ana tattarawa daga iyalai a Jamus, suka gano cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki suna bayyana ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu. Abin da ya ja hankali a binciken shi ne, in da gida mai faɗi ko albashi mai tsoka yana biyan wahalar hanya yadda ake zato, da bai kamata a ga wannan bambanci ba.

Dalilin, a ganina, ba ɓoyayye ba ne. Mutum yana sabawa da babban falo cikin 'yan watanni har ya daina ganinsa, amma da wuya ya saba da cunkoso, domin cunkoso ba ya zuwa da fuska ɗaya: yau minti 50, gobe sa'a biyu saboda wata babbar mota ta lalace a kan gada. Shi ya sa irin tafiyar ta fi tsawonta muhimmanci. Sa'a ɗaya a jirgin ƙasa mai tashi kan lokaci, inda mutum zai sami wurin zama ya yi karatu ko ya runtsa, ba ɗaya take da sa'a ɗaya a bayan sitiyari ko a tsaye cikin motar haya bayan an sauya mota sau biyu ba.

Wa ke ɗaukar nauyin a cikin gida

Lissafin ƙaura yawanci da sunan iyali gaba ɗaya ake yin sa, alhali riba da wahala ba sa rabuwa daidai a tsakanin mutanen gidan. Wannan shi ne ɓangaren da na fi so ma'aurata su zauna su tattauna a fili, domin shi ne aka fi kawar wa kai.

A yi tunanin ƙarfe sha ɗaya na safe, waya ta yi ƙara daga gidan raino cewa jikin yarinya ya yi zafi, tana amai, a zo a ɗauke ta. Idan uwa da uba duk suna birni, sa'a ɗaya da rabi ke tsakaninsu da ita, kuma jirgin da ke komawa da rana ba ya yawan tashi kamar na safe. Sau biyu ko uku irin wannan ta faru, sai gida ya yanke shawarar cewa dole ɗaya ya kasance kusa. A mafi yawan lokuta uwa ce ke barin aikinta ko ta karɓi wani mai ƙaramin albashi a garin, kuma wannan ragin samu ba ya cikin lissafin da aka yi kafin tashi. Erika Sandow ta jami'ar Umeå da ke Suwidin ta bi bayanan ma'aurata masu ɗimbin yawa a ƙasar, ta kuma bayyana a 2011 cewa haɗarin rabuwar aure ya fi da kimanin kashi 40 cikin 100 a gidajen da ɗaya ke doguwar tafiya zuwa aiki, musamman a shekarun farko. Ta kuma nuna cewa maza ne suka fi yin doguwar tafiyar, matan kuma su rage a kusa da gida da ƙarin nauyin yara. Wannan adadi ba ya nufin hanya ce kaɗai ke raba aure, kuma ma'auratan da suka wuce shekarun farko sukan daidaita. Amma yana nuna cewa nisa yana shiga har cikin ɗaki.

Sai batun jama'a. Iyali masu ƙananan yara suna rayuwa ne da taimakon da ba a biya: kakar da za ta riƙe jariri na sa'a biyu, maƙwabciyar da za ta ɗauko yaro daga makaranta tare da nata, abokin da za a buga wa waya da tsakar dare. Idan ƙaura za ta nesanta iyali daga irin waɗannan mutane, to sun sayar da abu mai tsada da araha. Idan kuwa kusantar da su za ta yi, wannan kaɗai na iya rinjayar duk sauran dalilai. Gina sabuwar alaƙa kuma yana son lokaci, wanda shi ne abin da mai doguwar tafiya ya fi rasawa. Masanin zamantakewa Robert Putnam ya ƙiyasta a 2000 cewa a Amurka duk ƙarin minti 10 a hanyar aiki yana rage shigar mutum harkokin al'umma da kusan kashi 10 cikin 100.

Hujjar masu cewa a koma

Duk da haka, masu goyon bayan ƙaura ba su rasa hujja ba, kuma hujjarsu mai nauyi ce. Ƙuncin gida ma yana da nasa farashin. Iyali mai mutum huɗu a ɗaki ɗaya ko biyu, ba filin da yaro zai yi gudu, ga hayaniya da hayaƙin motoci, ga fargabar abin da mai gida zai ce idan shekara ta zagayo, su ma suna biyan wani abu da ba a rubuta ba. Rashin tabbas na haya yana tilasta wa iyalai sauya gida da makaranta a kai a kai, kuma yara suna jin wannan a jikinsu. Ga mutane da yawa, garin gefe ne kaɗai wurin da za su iya mallakar gida a tsawon rayuwarsu ta aiki, kuma wanda ya mallaka ya huta da barazanar a ce ya tashi. Idan ragin na gaske ne bayan an cire kuɗin hanya, yana iya zama abin da zai ba iyali damar yin ajiya a karon farko, ko biyan bashin da ya hana su barci.

Akwai ma waɗanda maganar zaɓi ba ta taso musu ba, domin birnin ne ya riga ya kore su. Ga irin waɗannan, amfanin wannan nazari shi ne zaɓen gari a tsakanin garuruwan gefe, domin wanda ya fi arha a cikinsu galibi shi ne wanda hanyarsa ta fi muni.

Aiki daga gida da alkawarin sabuwar hanya

Annobar korona ta 2020 ta sauya wannan lissafi ga wani rukuni na ma'aikata. Wanda ke shiga ofis kwana uku maimakon biyar ya rage tafiyarsa da kashi 40 cikin 100, kuma nisan da a da ba zai yiwu ba ya zama abin da za a iya jurewa. Binciken da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka wallafa a 2024, kan ma'aikata fiye da 1,600 na kamfanin Trip.com a China, ya nuna cewa barin mutane su yi aiki daga gida kwana biyu a mako ya rage ajiye aiki da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da ingancin aikin ya ragu ba, kuma masu doguwar tafiya suna cikin waɗanda abin ya fi amfana. Sai dai wannan dama ta ma'aikacin ofis ce. Malamar asibiti, malamin makaranta, direba da mai shago ba su da ita. Ko ga mai ita ma, izini ne da shugaban aiki ke iya janyewa, kuma kamfanoni da yawa sun janye shi. Ba daidai ba ne a ɗora bashin gida na shekara ashirin a kan tsarin da ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba.

Haka nan a yi hattara da maganar dillalai cewa za a faɗaɗa titi ko za a kawo jirgi. Irin waɗannan ayyuka sukan yi jinkiri, kuma ko an gama su, faɗaɗa titi ba ya kawar da cunkoso na dogon lokaci. Masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka yawan zirga-zirgar motoci yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titunan da aka ƙara. A auna garin da hanyar da yake da ita yau.

Yadda za a gwada kafin a yanke hukunci

Gani ya kori ji. Yawancin mutane suna zuwa duba gida ne ranar hutu da rana, lokacin da titi ya zama fayau, sai su ɗauka haka hanyar take. Gwajin da ya dace shi ne a kwana a garin a tsakiyar mako, a tashi a lokacin da za a riƙa tashi, a bi hanyar daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, a dawo a lokacin da kowa ke dawowa, a kuma maimaita har da ranar da ake ruwan sama. A tambayi lokacin da motar ƙarshe ko jirgin ƙarshe ke tashi daga birni. A je gidan raino da makaranta a ji ko akwai gurbi, da ƙarfe nawa suke buɗewa da rufewa, a kuma san inda asibitin da ke karɓar yara da dare yake da minti nawa za a yi kafin a isa.

Daga nan sai a sake lissafin sau biyu: sau ɗaya da farashin yau, sau ɗaya kuma a ɗauka kuɗin hanya ya ƙaru da rabi, an kuma dawo da zuwa ofis kwana biyar. Idan ragin ya tsira a lissafi na biyu, ƙaurar tana da tushe. Idan a na farko ma da ƙyar ya leƙo, to abin da za a samu bai kai sa'o'in da za a bayar ba. A kuma tambayi abin da zai faru idan aikin da ake da shi yanzu ya ƙare, domin mazaunin birni yana da ma'aikatu da yawa a kusa da shi, na gefe kuwa yana iya samun sabon aiki a ɗaya ƙarshen birnin, tafiyarsa ta ninka.

Ga wanda ke da halin zaɓi, shawarata ita ce ya fara da haya na shekara ɗaya kafin ya sayi gida ko fili, ko da hakan zai sa ya ɗauki kaya sau biyu. Kuɗin dillali, na takardu da na haraji da ke tattare da saye da sayarwa suna da yawa, har wanda ya saya ya ga bai ji daɗi ba yakan daure ya zauna don kada ya yi asara. Shekarun yara ma suna da tasiri a kan lokacin: ƙaura kafin yaro ya shiga firamare ta fi sauƙin warwarewa fiye da bayan ya yi abokai ya saba da malamai. Ya kamata ma'auratan su sa ranar da za su zauna su sake duba lamarin, bayan wata tara ko goma, kafin lokacin sabunta haya ya zo, kuma a wannan zama a fara jin ta bakin wanda ya fi daɗewa a hanya da wanda ya fi daɗewa shi kaɗai da yara.